Yadda zaka sayi kwikwiyo mai lafiya, daga zaɓen mai kiwo har zuwa allurar ƙarshe

Tambayar nan ta yi yawa a ƴan kwanakin nan, musamman daga masu sabbin gidaje a bakin gari da masu gidan gona waɗanda ɓarayi suka dama, kowa yana son kare na gadi. Kuma kusan labarin iri ɗaya ne, mutum ya saki kuɗi masu kauri ya kawo kwikwiyo gida yara suna murna, kafin sati ya zagayo ya daina cin abinci, sai amai, sai zawo da jini, shikenan a tona rami a bayan gida, in ka kira wanda ya sayar maka yace ai lafiya lau ya baka. Mafi yawan wannan asarar tun kafin a biya kuɗi ake tafka ta, shi yasa zan jero matakan yadda suke bi da bi. Maganar hukuncin ajiye kare da cin kuɗinsa kuwa, hadisi ya yi rangwame a kan na farauta da na kiwo da na gona, malamai kuma sun yi saɓani a kan cinikinsa, wannan ka zauna da malaminka. Ni ɓangaren lafiya zan yi.

1. Wane aiki zai maka

Ka fara amsa wannan kafin ka kalli hoton kowane kare. In gadin gida ne mai katanga, Jaman shefad, wanda wasu ke kira alsashiyan, yana da saurin koyo da haushi a kan baƙo. Bowabul ɗan Afirka ta Kudu ne, gashinsa gajere, yana jure zafinmu amma cinsa ba wasa ba. Rotwaila yana son mai gida mai lokaci wanda zai hore shi tun yana ƙarami. Lasa da eskimo na wasan yara ne, haushi kawai. In gona ce ko farauta, wallahi karenmu na gida da aka yi wa rigakafi ya fi su duka jure wahala, kuma ba zai cinye ka ba.

Hattara: kokeshiyan, wannan ƙaton mai gashi buzu-buzu, ɗan duwatsun ƙasashen sanyi ne. A Jos da sauƙi, amma a Sakkwato ko Maiduguri ko Kano watan Afrilu da zafi ke haura 40, in ba ka da inuwa mai iska da ruwa kullum, azabtar da shi kawai zaka yi.

2. Ka nemi likita kafin ka nemi kare

Mutane suna juya wannan, sai kare ya kwanta sannan a fara cigiyar likita da daddare. Ka je asibitin dabbobi tun yanzu. Kowace jiha tana da na gwamnati, ga kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, ga masu zaman kansu birjik a Kaduna da Jos da Abuja. Ka tambayi kuɗin allurar DHLPP guda uku (rigakafin manyan cututtukan karnuka biyar a allura ɗaya, ciki har da fabo mai sa amai da zawon jini), da ta haukan kare, da maganin tsutsa, da nawa zai karɓa ya bi ka ya duba kwikwiyon. Ka karɓi lambarsa. Riba ta biyu a nan ita ce likitoci sun san masu kiwon garin ciki da waje, sun san gidan da kwikwiyoyinsa ke rayuwa da gidan da kullum daga can ake kawo marasa lafiya, ko bai faɗa maka kai tsaye ba in ka ambaci suna zaka gani a fuskarsa.

Hattara: ba duk mai farar riga da sirinji a jaka ne likita ba. Likitan gaske yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, kuma ba zai ji haushi ba don ka tambaya.

3. Rarrabe mai kiwo da dillali

Mai kiwo shi ne wanda uwar take gidansa, shi ya kai ta barbara, ya san ranar da ta haihu, ya san nawa ta haifa da nawa suka mutu. Dillali kuwa tattarowa yake daga nan da can ya zuba su a keji ɗaya, na sati biyar da na sati takwas, na Jos da na Legas, kuma a nan ne cuta ke yawo don guda ɗaya mai ɗauke da ita ya isa ya shafa wa sauran. Ba na cewa duk dillali macuci ne, amma in zaka bi ta hannunsa ka biya shi la'adarsa ya kai ka har gidan da aka haife shi.

A waya ma zaka iya tace su. Yaushe aka haife su? Haihuwarta ta nawa? Wace allura aka yi, ranar nawa ga wata, wane likita? Me suke ci? Zan iya zuwa in gani? Mai kiwo na gaske amsa zai ta zubo maka har ka gaji, shi ma ya juyo yana tambayarka ko gidanka da katanga, ko akwai yara. Wanda kuwa kowane irin kare ka ambata yace akwai, yau yau ɗin nan, wannan dillali ne ko ɗan damfara.

Hattara: tallan Facebook da Instagram da Jiji cike yake da hotunan sata. Salon ɗaya ne, farashi ƙasa da rabin na kasuwa, yana wani gari mai nisa, tura kafin alƙalami zai sa a mota, gobe kuma a ce direba yana neman kuɗin keji ko na takarda. Kace ya kira ka ta bidiyo yanzun nan ya ɗaga kwikwiyon kusa da uwarsa ya ambaci sunanka. In ya fara cewa netwok ba kyau, ka goge lambar.

4. Ka je da ƙafarka ka ga uwar

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, in ka tsallake shi sauran ma sa'a ce kawai. Ka je da rana, kar ka yarda a ce ku haɗu a gidan mai ko bakin titi.

Kafin ka kalli ko kwikwiyo ɗaya, hancinka zai fara maka aiki. Gidan karnuka dole akwai ɗan wari, amma zarnin fitsari mai hawa kai da kashi a ƙasa ƙudaje na bi, wannan ba a wanke wurin. Kalli kwanon ruwa, in ya yi gansakuka ka san yadda ake kula da su. Kalli tsagar bango da kusurwar keji, kaska tana ɓuya a nan tana hawa bango. Mai kiwon da yace ka tsoma takalminka a ruwan magani ko ka wanke hannu kafin ka taɓa, kar ka ji haushi, wannan shi ne wanda ya san aikinsa.

Sai uwar. Wacce ta shayar kwanan nan nonuwanta a sake suke, sun zubo, gashinta ya ɗan zube, ta ɗan faɗa, wannan ba komai. Abin da ba a so shi ne haƙarƙari a waje ana ƙirgawa, ko ƙuraje, ko ɗingishi. Akwai dabarar da ake yi, a fito maka da wata ƙatuwa mai sheƙi wacce cikinta a ɗame yake ko alamar shayarwa babu a ce ita ce uwar. Ka ce a sake ta cikin ƴaƴan, in tasu ce zasu ruga mata suna neman nono, ita ma zata shinshine su. Ka lura da halinta kuma, wacce ke rawar jiki ta ɓuya a lungu ko wacce ke neman cizon mai ita ma, ƴaƴanta sukan ɗauko, kare matsoraci kuwa shi ya fi cizon yara.

Ka sa a zagaya da ita ka kalli ƙafafun baya. Manyan karnuka irin Jaman shefad da rotwaila da bowabul suna da ciwon ƙugu na gado, ƙashin cinya baya zama daidai a gurbinsa, a kwikwiyo ba a gani sai ya girma ya fara tashi da ƙyar yana tsalle da ƙafa biyu in zai gudu. In uwa ko uba na haka, haƙura. Uban sau da yawa ba a gidan yake ba don barbara aka kai, wannan ba laifi bane, a nuna maka bidiyonsa a faɗa maka mai shi. Ka tambayi kuma ko uban da uwar ƴan gida ɗaya ne, wasu don gudun kuɗin barbara suke haɗa wa da ƙanwa. Karya tana neman namiji kusan duk wata shida, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, wanda yake sa ta haihu duk zagaye babu hutu ƴaƴan da zai baka raunana ne.

5. Tabbatar da shekarunsa

Kar ka ɗauki kwikwiyon da bai kai sati takwas ba, ko da an ce maka wani zai riga ka. Masu sayarwa suna son rabuwa da su a sati huɗu ko biyar don daga nan ne suke fara cin abinci sosai, kuɗi na fita. Buɗe bakinsa. Haƙoran nono suna fara fitowa wajen sati uku, kafin sati takwas sun cika 28 masu tsini kamar allura. In ka ga ƴan na gaba kawai na baya basu fito ba, yana tafiya yana tangaɗi, bai isa yaye ba. In kuma an ce maka ɗan wata biyu ne ka ga ya fara famfara, haƙoran gaba manya sun fito, to ya kai wata huɗu, tsumburewa ya yi, ko kuma ba irin da aka ce maka bane.

Hattara: kunnen Jaman shefad a kwance yake yana ƙarami sai daga baya ya miƙe, da wannan ake fakewa a sayar maka da ruwa biyu a ce "zai tashi". Iyayen ne kawai shaidarka. Ruwa biyu ba aibu bane, yana gadi sosai, amma a saya shi a kuɗin ruwa biyu.

6. Duba jikinsa daga hanci zuwa bindi

Ka tsuguna ka ɗan tafa hannu ka ga waɗanda zasu taso. Wanda ya zo yana kaɗa bindi yana jan igiyar takalminka shi ake so. Wanda ya kwanta can gefe shi kaɗai, kar tausayi ya sa ka ɗauke shi, kuma in ɗaya yana zawo a cikinsu to duka kejin ka bar shi.

Ɗaga leɓensa ka kalli dasashi. Ya zama ja-ja mai haske da danshi, ka danna da yatsa zai yi fari, ka sake, kafin ka ƙirga biyu jan ya dawo. In fari fat ne tun farko, jini ya yi ƙasa, ko tsutsa ko ciwon kaska. Ido ya zama garau ba kwantsa mai ruwan ɗorawa, hanci ba majina, ba tari, don waɗannan ukun tare alamar distemfa ce, muguwar cutar karnuka mai yaɗuwa. Leƙa kunne da tsakanin yatsun ƙafa, nan kaska ke maƙalewa. Shafa gashin ta baya ka ga fata, baƙin gari-gari kashin ƙuma ne, wurin da gashi ya zube kewayen ido ko baki kuma ƙazuwa ce. In ka ji wani ƙullutu mai ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce a ciki, irin wadda ke kama kwikwiyon da ke kwana a ƙasa mai danshin fitsari, tana fita in an matse amma ta gaya maka irin wurin da ya tashi.

Juya shi. Ciki ƙato tim da ƙashin baya a waje ba ƙiba bace, tsutsa ce. Taɓa cibiya, in akwai kumburi mai laushi da ke komawa in ka danna, wataƙila sai an yi aiki. In namiji ne ka laluba ka ji ƴaƴan marainan biyu. Ɗaga bindi, ƙasan ya zama a bushe, in kashi ya manne a gashin zawo yake. Na ƙarshe kace a zuba masu abinci a gabanka, mai lafiya har ture ƴan'uwansa yake.

7. Karanta katin rigakafi da kyau

A nan ake cin mutane da yawa. "An masa allura" ba magana bace. Kati na gaskiya kowace allura akwai kwanan wata, akwai ƴar takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar aka manna, mai sunan allurar kamar Nobivac ko Eurican ko Vanguard da lambar rukuni da ranar lalacewa, sannan sa hannu da hatimi da lambar likita. Ka kira lambar a gaban mai kiwon ka tambaya ko ya tuna waɗannan kwikwiyoyin. Ka haɗa kwanan watan da ranar haihuwa, DHLPP ta farko tsakanin sati shida zuwa takwas ake yi, in ka ga ɗan sati bakwai da allura uku a kati ko da ta haukan kare, biro ne kawai ya yi aiki. Maganin tsutsa kuma tun sati biyu ake farawa ana maimaitawa duk bayan sati biyu, shi ma a nuna maka.

Hattara: allurar nan sai a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya saya a shago ya sako a aljihu ya yi da kansa, ko firjin da ya kwana biyu ba wuta, ruwa kawai aka tsira wa karen. In kana da kokwanto ka gaya wa likitanka ya fara daga farko, maimaitawa bata da illa kamar rashin yi. In kuma an ce ɗan waje ne mai takardar asali ana neman ƙarin kuɗi, to akwai ƴar na'urar da ake sa masu ƙarƙashin fata, likita ya karanta lambar ta yi daidai da ta takarda kafin ka ƙara ko sisi.

8. Ciniki da sharaɗi

Farashi yana bin dala, saboda haka ka taya a wuri uku a satin da zaka saya ka ɗauki na tsakiya. Amma lissafinka kar ya tsaya a kuɗin kare, ka sa sauran allurai biyu, ta haukan kare, maganin tsutsa da na kaska, buhun abinci, keji, kwanuka, sarƙa, kuɗin mota, sannan ka ajiye wani abu gefe don kwanciya asibiti, jinyar fabo ta kwana biyar da ƙarin ruwa tana iya kamo kuɗin kwikwiyon kansa. In kuɗin karen kaɗai gare ka, ka jira ko ka sauko kan mai araha.

Kafin ya sallama ku yi sharaɗi a rubuce, ko a WhatsApp ne: likitanka zai duba cikin kwana biyu ko uku, in ya sami ciwo a mayar da kuɗi ko a canja, in kuma fabo ta bayyana a ƴan kwanakin farko ya za a yi, don tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai a jiki kafin ta nuna, wanda ya kwanta washegarin zuwansa daga can ya taho da ita. Ka biya ta banki don shaida.

9. Ɗaukowa

Da sassafe ko bayan la'asar, a kwali ko kwando mai iska da tsumma a ƙasa, a cikin mota kusa da kai. Kar a sa shi a but, kar a ba direban tasha shi kamar buhun masara. Kar a cika masa ciki kafin tafiya, kar ka sauke shi a ƙasa a hanya. Ka karɓo ɗan abincin da ya saba da shi. Daga can asibiti kai tsaye, kuma a asibitin ma a hannunka zai zauna.

10. Sati biyun farko

Fabo, wadda likitoci ke rubutawa parvo, ita ce mai kashe su, kuma rotwaila da Jaman shefad sun fi saurin kamuwa. Ƙwayar cutar tana cikin kashin kare, tana zama a ƙasa watanni har shekara, takalminka ma yana kawo ta. Don haka in kare ya taɓa mutuwa da zawon jini a gidan kar ka kawo sabon kwikwiyo wurin. Siminti ana wanke shi da bilic irin Hypo ko Jik, kashi ɗaya a ruwa kashi 30, a bar shi minti goma, amma turɓaya ba ta wankuwa, sai dai ka nemi babba wanda ya gama alluransa. Sabon kuma ba fita waje, ba haɗuwa da karnukan unguwa, ba abokai masu karnuka su zo gani, har sai sati biyu bayan allurar ƙarshe.

Alamarta, kwikwiyon da jiya yake hauka yau ya kalli abinci ya juya kai, ya kwanta lamo, sai amai mai kumfa, sai zawo ruwa-ruwa mai jini da wani irin ƙarni wanda in ka taɓa ji sau ɗaya ko daga bakin ƙofa zaka gane shi. Kar ka jira jinin. Ƙin cin abinci sau biyu a jere da amai, asibiti ranar. Rashin ruwa ne ke kashe su, waɗanda aka sa wa ruwa da wuri da yawa suna tashi.

Abinci sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. In zaka canja masa ka riƙa gaurayawa kaɗan kaɗan tsawon sati. Ba madarar gwangwani ba nonon shanu, zawo suke sa shi. Ba miya mai albasa ko tafarnuwa, ba cakulan, ba dafaffen ƙashin kaza. Tuwo da ƙanzo zalla ba zasu gina ƙashin bowabul ba, in buhun kanti ya fi ƙarfinka ka tambayi likita yadda zaka haɗa shinkafa ko masara da kifi da ƙwai. Da sanyin hunturu ka shimfiɗa masa buhu ko katako, kar ya kwana a siminti.

Hattara: farasitamol da ibuprofen na mutane suna iya kashe shi. Fiya-fiya da sauran maganin ƙwari da ake wanke karnuka da su don kaska guba ne, kananzir da baƙin mai ma haka. Ko maganin kaska na dabbobi akwai wanda ba a sa wa ƙarami, likita ne zai auna nauyinsa ya zaɓa.

11. Ƙarasa allurai

DHLPP ana maimaita ta duk sati uku zuwa huɗu har ya kai sati 16, don kariyar da ya samu daga nonon uwa tana iya hana ta farkon kamawa, ta ƙarshen ce ke rufe ƙofa, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da zarar sun ga kare ya yi ɓul-ɓul. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara, akwai ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos akwai ta waje, ka karɓi takardar shaida ka adana don ranar da ya ciji ɗan maƙwabci ita za a fara tambaya. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko da kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti, karen kuma a ɗaure shi likita ya sa masa ido kwana goma, kar a kashe shi a jefar. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. Maganin tsutsa kuma bayan wata shida ya koma duk wata uku, ka sa ranakun a kalandar wayarka tun ranar da ka karɓi katin.